Wasiƙa Ga Likitocin Hoto Kan Ƙarin Kitse

Abokan aikina,

Wata dattijuwa ta taɓa zuwa wurina da ƙari a cinya, girmansa ya kai na gwanda. Na shafa mata mai, na ɗora kan na'urar sikanin, na ga kitse, na rubuta "lifoma". Aka cire shi a wani ƙaramin asibiti. Bayan shekara biyu 'yarta ta dawo da ita tana jan ƙafa. Ƙarin ya sake tsirowa cikin tsoka, da aka auna naman kuwa sai ga lifosakoma. Da na ɗan dakata ranar farko, da an yi mata aikin da ya dace tun ba a taɓa wurin ba.

Gaskiya ne yawancin ƙarin kitse lifoma ne, ba ya cutarwa. Amma in ya wuce santimita 5, ko yana can ƙarƙashin tsoka, ko yana ƙaruwa, sikanin kaɗai bai isa ba. Na san MRI na da tsada, wani sai ya sayar da akuya kafin ya biya. Duk da haka ku rubuta cewa ana buƙatarsa.

In hoton ya zo, kada hasken kitsen ya ɗauke muku hankali. Ku sa a danne siginar kitse, ku ga abin da ya ƙi dushewa. A can maganar take: shamaki mai kaurin da ya haura milimita 2, dunƙulen da ba kitse ba, wurin da ya sha ruwan allura ya yi haske. In an haɗa waɗannan da girman da ya zarce santimita 10 a jikin mai shekaru, musamman a cinya ko can bayan hanji, ku faɗa wa likitan tiyata ya ajiye wuƙa tukuna, a tsinko nama da allura. Sau da yawa gwajin ƙwayar gadon MDM2 ne ke raba gardama.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne lifosakoma nau'in miksoid. Kitsensa kaɗan ne, ya fi kama da jakar ruwa, kuma matasa da masu matsakaicin shekaru yake kamawa. Kada ku kira shi ruwa sai an yi allurar haske.

Akwai kuma masu tsoratarwa alhali ba mugaye ba ne. Hibanoma, ƙarin kitse mai ruwan ƙasa, yana ci bal-bal a hoton PET kamar cutar kansa. Lifobilastoma kuwa na ƙananan yara ne, galibi 'yan ƙasa da shekara 3.

Don Allah, a rahotonku ku rubuta zurfin ƙarin, da tsokar da yake ciki, da jijiyar da yake maƙwabtaka da ita, da daidai inda ya kamata allurar tsinko nama ta shiga.

Naku,
Wani abokin aiki