Fiffiken Bayan Mota da Abin da Kaduna Ta Kasa Adanawa

A cikin duk sassan tsohuwar mota, babu wanda ya kai fiffiken baya wuyar samu. Ina nufin ɗan tudun nan na roba ko faiba da ake ɗorawa a kan murfin but ɗin motocin gudu, irin su Toyota Celica, Honda Prelude ko Peugeot 505 GTi. Mai irin wannan mota a Katabu, a bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya, zai iya samun birki da kulochi, har ma da injin sukutum, kafin la'asar. Amma idan fiffiken ne ya tsage, sai ya yi watanni yana cigiya. Ra'ayina shi ne wannan wahala ba ƙaddara ba ce, sakaci ne, kuma maganinta yana hannun masu sana'ar Kaduna, ba cikin kwantenar da ake jira daga Turai ba.

Bari mu fara da amfanin abin. Idan mota tana gudu, iskar da ke bi ta saman rufinta tana ƙoƙarin ɗaga bayanta, tayoyin baya su rage kama kwalta. Fiffiken yana karya tafiyar iskar ne don bayan ya zauna daram. Ƙarfin iska kuwa ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa a cunkoson Kawo fiffiken ado ne kawai, amma a buɗaɗɗiyar hanya yana iya zama batun rai. Kamfanin Audi ya ga haka da idonsa. Bayan haɗurran da motarsa TT ta yi a tsananin gudu, sai ya janye motocin a tsakanin 1999 da 2000, ya gyara ƙafafunsu, ya kuma ƙara musu ɗan fiffike a baya.

To me ya sa yake ɓacewa daga kasuwa? Dalilai uku ne. Na farko, kamfani yakan yi shi ne don samfuri ɗaya, wani lokaci na 'yan shekaru kaɗan, alhali sassan injin sukan shiga motoci iri-iri. Toyota ta daina ƙera Celica a 2006, kuma tun daga ranar adadin fiffikenta na asali da ke duniya raguwa kawai yake yi. Na biyu, kayan da ake yin sa da su ba su jure ranarmu. Roba takan bushe ta tsattsage, ƙarfen da ke cikinta ya yi tsatsa da damina ya kumbura ta. Na uku, ɗan kasuwar da ke loda kwantena a Turai ko Japan lissafin wuri yake yi. Gurbin da fiffike ɗaya zai ci, yana iya cika shi da kayan da za su ƙare cikin mako guda. Ba zai ɗauko abin da mutum ɗaya zai tambaya a shekara ba.

Don haka mai nema yakan bi hanyar da kowa ya sani. Ya fara da Panteka a nan Kaduna, ya aika Ƙofar Ruwa a Kano, a buga waya Ladipo a Legas, a tambayi Nnewi, a ƙarshe a ce masa sai dai Kwatano. Kowane mataki da ɗan kamashonsa. Idan ya gaji ya koma intanet, sai ya tarar da wani shingen. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kamfanonin jigila kuma girman kwali suke aunawa, ba nauyi kaɗai ba, ga kuɗin kwastan yana jira. Abin da ba shi da nauyin buhun siminti sai ya iso da farashin da ya kusa na motar kanta.

Daga nan ne ake faɗawa hannun masu cewa “wannan ma zai hau.” Fiffiken da ba na motar ba sai an huda masa sababbin ramuka a murfin but. Ruwan sama ya bi ramukan, tsatsa ta kama, bayan damina biyu murfin ya ruɓe. Idan ya yi nauyi ya karya maƙallan murfin. Idan aka ɗaure shi da noti biyu da gam, wata rana ya fizge a kan hanya ya faɗa gilashin wanda ke biye. A wasu motocin ma fitilar birki ta uku a jikinsa take. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo a Kaduna shi ne tarihin garin. A 1975 masana'antar Peugeot ta fara haɗa motoci a Kakuri, kudu da kogi. Daga can 504 da 505 suka fito suka cika titunan ƙasar nan, daga ofisoshin gwamnati har tashoshin mota. Faransa ta daina yin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan haka. Kuma ba motar jigila ba ce kawai: ita ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, mai ƙofa biyu kuma ta sake lashewa a 1978. Garin da ya yi wannan aiki na tsawon shekaru talatin ya kamata a ce nan duniya ke zuwa neman kayan tsohuwar Fijo. Maimakon haka, an sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012 saboda bashi, gangunan motocin kuma suna ta tafiya hannun 'yan gwangwan, ana auna su a kan sikeli ana narkewa. Ƙarfe yana da farashi a kilo. Roba da faiba ba su da shi, sai a jefar ko a ƙona. Duk fiffiken asali da ya tafi haka, ya tafi da awonsa.

Wasu ƙasashe sun gane cewa tsohuwar mota kasuwa ce mai zaman kanta. Nissan ta dawo da ƙera wasu kayan Skyline GT-R a 2017. Toyota ta bi sahu a 2020 da kayan tsohuwar Supra. Peugeot da kanta tana da sashen kula da tsofaffin motocinta a Sochaux, inda gidan tarihinta yake tun 1988. Ba tausayi ya sa su ba, sun ga masu saye ne.

Mu ba sai mun jira kamfani ba, domin fiffike yana cikin sassan da suka fi sauƙin kwaikwayo. Idan aka samu na asali ɗaya lafiyayye, sai a shafe shi da kakin da zai hana mannewa, a lulluɓe shi da faiba, idan ya daskare a ɓamɓare. An samu mazubi ke nan, wanda zai fitar da guda da yawa masu awo ɗaya da na asali. Ba a bukatar Ajakuta, ba a bukatar babban inji. Masu gyaran bamba da 'yan fenti na Kaduna sun riga sun san rabin aikin. Panteka, inda ake ƙera injin niƙa da na casa da hannu, ba za ta gaza a nan ba. Abin da ya rage shi ne tsari, kuma abu uku nake ganin ya kamata a yi.

Na farko, ƙungiyoyin makanikai da na masu sayar da kayan gyara su yi yarjejeniya da 'yan gwangwan: kafin a farfasa tsohuwar mota, a cire fiffike, bamba, murfin fitila da allon gaba, a biya su kuɗinsu. Na biyu, a samu rumbun mazubai guda, kowanne da sunan mota da shekararta da lambar sashen. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke garin nan, sun riga sun fara aikin bai wa masu sana'ar Panteka takardar shaidar ƙwarewa. Ajiye awon sassa, a takarda da kuma a kwamfuta, aiki ne da ɗalibai za su iya yi a matsayin aikin kammala karatu. Na uku, kuma mafi muhimmanci, gaskiya. A rubuta a jikin kaya cewa ƙirar Kaduna ne, kada a shafa masa ƙura a ce ɗan Beljiyam ne. Wanda ya ɓoye sunansa a kan aikinsa ba zai taɓa gina kasuwa ba, kuma idan kayan ya ɓaci babu wanda za a riƙe.

Na san abin da mai karatu zai ce: a lokacin da mutane ke fama da kuɗin mai da na abinci, wa ya damu da adon motar 'yan gayu? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce mazubin bai san mai kuɗi ba. Hannun da ya koyi fitar da fiffiken Celica daidai da awo, shi zai fitar da bambar Golf da Sharon da 406 da ke ɗaukar fasinja tsakanin Kaduna da Zariya da Kano kullum. Waɗannan motoci ma sun tsufa, kayan jikinsu ma ƙarewa suke yi a Turai, kuma direban haya ba shi da dalar da zai yi oda. Mai motar sha'awa shi ne zai biya kuɗin koyon aikin, domin shi ne mai naci a kan inganci. Direban haya ya ci moriyar daga baya.

Ga wanda ke nema a yau kuwa, shawarata gajeriya ce. Kada ka yar da tsagaggen, ko gida uku ya rabu, domin shi ne awonka. Nemi lambar da ke rubuce a ƙasansa kafin ka aika kuɗi ko'ina. Auna tazarar ramukan notin, kada ka yarda a huda sababbi. Idan ka san mai irin motarka da nasa ke lafiya, ku haɗa kuɗi a yi mazubi, ku ajiye shi don na bayanku. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.