Kwal Ɗin Inugu: A Gwada Ƙusar Rufi Kafin A Zuba Jari

Duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da haƙar kwal a Inugu, hankalin 'yan kasuwa yakan koma ga ribar da ke ƙarƙashin ƙasa. Ba kasafai ake tambayar abin da zai riƙe dutsen da ke bisa kan lebura ba.

Kwal ɗin da aka gano a Udi a 1909 shi ya sa aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal a 1916, kuma albarkacinsa fatake daga Arewa suka kafa zango a Inugu, har Malam Umaru Altine ya zama magajin garin na farko. Hukumar Kwal ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1950, ta haƙo fiye da tan 900,000 a shekara a ƙarshen shekarun 1950. Amma injunan da kamfanin KOPEX na ƙasar Poland ya girka a ƙarshen shekarun 1970 sun gaza, domin ba su dace da yanayin ramukan ba. Ramukan Onyeama da Okpara sun sha fama da ruwa, daga bisani aka daina aiki a cikinsu.

A ma'adinan zamani, ana huda rufin rami, a cusa ƙunshin danƙo mai daskarewa, sannan a murza doguwar ƙusar ƙarfe a ciki har ta ɗinke shimfiɗun dutse wuri guda. Sai dai ido ba ya iya tantance ƙusar da ta kama. Idan hudar ta yi faɗi, ko ruwa ya jiƙa ta, ko danƙon ya tsufa, ko ba a murza shi daidai ba, ƙusar za ta zauna kamar lafiya alhali ba ta riƙe komai. Saboda haka injiniyoyi kan liƙa ƙusar gwaji da danƙo na tsawon kimanin santimita 30 kacal, su fizge ta da jak, su auna nauyin da ta ɗauka kafin ta zame.

Ya zama wajibi Sashen Duba Ma'adinai na gwamnatin tarayya, bisa Dokar Ma'adinai ta 2007, ya gindaya wannan gwaji cikin sharuɗɗan duk wani ramin da za a buɗe, a kuma maimaita shi duk inda dutse ya sauya. Haka nan bankuna da kamfanonin inshora su nemi sakamakon a rubuce.

Ga attajiran Inugu da Anaca da Fatakwal da za a yi wa tayin hannun jari, tun ran gini tun ran zane. Kuɗin gwaji kaɗan ne, amma rufin da ya rufta yakan tafi da rayuka, ya binne injuna, ya bar mai jari da bashi. Kamfanin da ya kasa nuna takardar gwajinsa bai cancanci kwabon kowa ba.