Masu Tare Hanya a Ingila: Wa Ya Sha Wuya?

A Nuwamba 2022 'yan ƙungiyar Just Stop Oil suka hana motoci tafiya kwana huɗu a kan M25, babbar hanyar da ta kewaye Landan. Bukatarsu, gwamnati ta daina ba da sabon izinin haƙo mai da gas, masu ɗumama duniya. To, amma wa ya sha wuya? Masu hanzarin zuwa asibiti da jana'iza. Manyan kamfanonin mai ko a jikinsu. Shi ya sa jama'a suka yi tir, har da masu tsoron canjin yanayi. Sai dai da kotu ta ɗaure biyar cikinsu shekara huɗu zuwa biyar a 2024, mutane da dama suka ce hukuncin ya wuce gona da iri. A ganina suna da gaskiya.