Rage Sojoji a Jirgin Yaƙi: Kwamfuta Ba Ta San Gyangyaɗi Ba

Wani zai ce ina ruwan mutumin Jos da teku? Da ruwanmu, domin duk shekara yaranmu daga Anguwar Rogo, Gangare da Bukuru suna cike fom ɗin sojan ruwa, wasu su samu, a kai su horo Onne a Jihar Ribas.

Yanzu rundunonin ruwa na duniya suna son jirgi mai ƙarancin ma'aikata, saboda albashi, abinci da wurin kwana suna cin kuɗi. Kafin a ƙera jirgi, ana zuba wa kwamfuta duk ayyukan cikinsa: gadi, gyaran inji, girki, shara. Ita kuma ta lissafa sa'o'in, ta ce mutum nawa za su isa.

Ban ƙi wannan lissafi ba, ya fi kintace. Amma a dubi Amurka. Ta ƙera jiragen da ake kira LCS, na farkonsu USS Freedom ya fara aiki a 2008 da ainihin ma'aikata 40. Aiki ya yi musu yawa, dole aka mayar da su 50. A 2017 kuma jiragenta biyu suka yi karo da jiragen 'yan kasuwa: USS Fitzgerald kusa da Japan ranar 17 ga Yuni, sojoji 7 suka mutu, sai USS John S. McCain kusa da Singafo ranar 21 ga Agusta, mutum 10 suka rasu. Bincike ya ambaci gajiya da ƙarancin horo, kuma an gano wasu sojojin rundunar suna aiki fiye da sa'o'i 100 a mako.

Matsalar ita ce lissafi yakan ɗauka kowace rana lafiya lau ce. To ranar da gobara ta tashi, ko mutum uku suka kwanta zazzaɓi, wa zai riƙe aikinsu? Mun san wannan a tashar mota. Direba ɗaya ya kwana a hanya daga Legas, da asuba a sake loda masa fasinja. A takarda mai mota ya rage kashe kuɗi, amma a gangaren Hawan Kibo ake biyan bashin.

Najeriya ma tana sayen sababbin jirage irin su NNS Kada da ya iso a 2022. Shawarata ga hukumomi uku ce: a sa barci cikin lissafi kamar yadda ake sa mai, a yi gwajin da ranar tashin hankali, sannan a tambayi ƙananan sojojin da ke ɗakin inji kafin a rage ko mutum ɗaya. Iyaye kuma, idan ɗanku ya kira, ku tambaye shi awa nawa yake barci.

Allah ya tsare mana su, ya dawo da su lafiya.