Manomin Assakio da Teburin Abuja

A ƙarshen ƙarni na 19, attajiran jiragen ƙasa na Amurka sun azurta da sayen 'yan majalisa, manoma kuwa na biyan kuɗin dako mai tsada. Gyara ya soma ne da dokar ɗaukar ma'aikata bisa cancanta ta 1883, sannan hukumar sa ido kan kuɗin dako a 1887.

Manomin doya na Assakio, kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, ya san wannan hali: shi ke noma, dillali ke kwashe riba. Duk kuɗin hanya da aka cinye a Abuja, a farashin doyarsa ake cire shi. Wajibi ne ma'aikacin da fayil ya iso teburinsa ya tuna da wannan manomi kafin ya sa hannu.