Gidan harsashi nawa ya isa mutum ɗaya?

A hutun daminar da ta wuce ɗan kawuna da ke tuƙin babbar mota a Amurka ya zo ganin gida. Wata rana bayan isha'i muna zaune a fada ana shayi, hira ta gangaro kan ɓarayin dajin da suka addabi ƙauyukan kan iyaka a jihar Maraɗi. Wani daga cikinmu ya ce shi dai a ganinsa mafita ɗaya ce, a bar kowa ya mallaki bindiga kamar yadda ake yi a Amurka. Ɗan kawun nawa ya yi dariya ya ce: "Ai can an wuce maganar mallakar bindiga. Abokan aikina gardamar da suke yi ita ce, gidan harsashi nawa ya kamata mutum ya ajiye wa ƙaramar bindigarsa, kuma shekara nawa kowane ɗaya zai yi kafin ya lalace."

Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, don na ga tambayar ta fi ƙarfin dariya. Ra'ayina a kanta shi ne: adadin gidajen harsashin da mutum ya tara ba sha'aninsa ba ne shi kaɗai, domin su ne ke ƙayyade yawan ran da bindiga ɗaya za ta ɗauka kafin a tsayar da mai ita, kuma suna daɗewa a duniya fiye da dalilin da ya sa aka saye su.

Bari in fara da bayani don wanda bai taɓa gani ba. Gidan harsashi wani ɗan kwali ne na ƙarfe ko na roba mai tauri da ake jera harsasai a ciki, a soka shi cikin mariƙin bindiga. A ƙasansa akwai waya murɗaɗɗiya, irin wadda ke cikin biro mai dannawa amma mai ƙarfi, ita ke turo harsashi sama ɗaya bayan ɗaya. In ya ƙare, a danna wani ɗan maɓalli ya faɗo, a soka wani cikakke. Wanda hannunsa ya saba, daƙiƙa biyu ko uku sun ishe shi. Bindiga ƙirar Glock 19, wadda ke cikin waɗanda aka fi saye a Amurka, gidanta na asali harsashi 15 yake ci, na Glock 17 kuma 17, akwai kuma dogo mai cin 33 da ke shiga dukansu.

Hujjar masu tarawa ba ta shirme ba ce, kuma adalci ne in kawo ta yadda take. Sun ce gidan harsashi shi ne ɓangaren da ya fi saurin kawo matsala a bindiga: bakinsa kan lanƙwashe in ya faɗi ƙasa, wayar kan saki, ƙura kan shiga. Don haka mai bindiga ɗaya da gida ɗaya kamar mai mota ne da ba shi da tayar safaya. Ɗan sandan Amurka kan ɗauki ɗaya a cikin bindiga, biyu a ɗamara. Masu zuwa filin koyon harbi ba sa son ɓata lokaci wajen ɗura harsashi ɗaya-ɗaya da yatsa, sai su cika da yawa tun daga gida. Sannan akwai tsoron doka: wai ka saya tun yau, kafin gobe gwamnati ta hana. A cewar ɗan kawuna, mai sauƙin ra'ayi cikin abokansa shi ne mai cewa uku, wasu na cewa goma ga kowace bindiga, kuma kowane ɗaya bai fi jaka goma sha biyar ba a kuɗinmu.

To ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa kullum da safe. Goma sau 15, 150 ke nan. Ajina bai kai yara 70 ba. Mutum ɗaya, da jakar da ba ta kai ta littattafan ɗalibina girma ba, yana ɗauke da abin da ya ninka yawan ajina sau biyu, har da ragowa. Ba a kai na kaɗai wannan lissafi yake ba, an riga an yi shi da jinin mutane.

Ranar 16 ga Afrilu 2007, wani ɗalibi a jami'ar Virginia Tech ya kashe mutum 32. Ba bindigar yaƙi ya riƙe ba, ƙananan bindigogi biyu ne. Gidajen harsashinsa ma ba dogaye ba ne, masu cin 10 da 15 ne. Abin da ya yi shi ne ya tara su da yawa. A ginin da ya kashe mutum 30, ƴan sanda sun tsinci gidajen harsashi 17 da ya ƙarar ya yar, ya yi harbi sau 174 cikin kusan minti goma. Wasu daga cikin gidajen ta intanet ya saye su, ba wanda ya tambaye shi me zai yi da su.

Sai kuma ranar 8 ga Janairu 2011, a birnin Tucson na jihar Arizona, inda ƴar majalisa Gabrielle Giffords ke ganawa da mutanen mazaɓarta a bakin wani kanti. Wani saurayi ya buɗe wuta da Glock 19 mai dogon gida na harsashi 33. Mutum 6 suka mutu, 13 suka jikkata, cikinsu har da ita ƴar majalisar da aka harba a ka. Yaushe aka kama shi? Lokacin da gidan farko ya ƙare yana ƙoƙarin soka na biyu. Mutane suka danne shi, wata dattijuwa mai shekara 61, Patricia Maisch, ta fizge gidan harsashin. Mijin Giffords, Mark Kelly, ya shaida wa majalisar dattawa a 2013 cewa yarinya ƴar shekara 9 da ta rasu a wurin, harsashi na 13 ko wanda ya biyo bayansa ne ya same ta. Ke nan da gidan 10 yake ci, da wataƙila yau tana raye.

Mai karatu, haɗa labaran nan biyu ka ga abin da suke koyarwa. Na Tucson ya nuna ƴan daƙiƙun da maharbi ke tsayawa sauya gida su ne kaɗai ƙofar da marar makami ke da ita, ko ya gudu ko ya kama shi. Na Virginia Tech kuma ya nuna rage girman gida kaɗai bai isa ba, muddin mutum zai iya cika jaka da ƙanana. Girma da yawa tare suke tafiya. Wanda ya taƙaita ɗaya ya saki ɗaya, ya rufe ƙofa ne ya bar taga.

Yanzu ga tambaya ta biyu, ta daɗewa, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi. Masu gyaran bindiga da yawa sun tafi a kan cewa yawan ɗurawa da zazzagewa ne ke gajiyar da wayar ciki, fiye da barin gidan a cike a ajiye. In ba a yar da shi ƙasa ba, ba a bar shi cikin laima ya yi tsatsa ba, zai yi shekaru gommai yana aiki. In wayar ta gaji ma, a sauya ta da ƴan kuɗi kaɗan ya dawo sabo. Mai saye na jin wannan a matsayin albishir, kuɗinsa ba su tafi banza ba. Ni kuwa ina jin sa a matsayin gargaɗi.

Dalilina shi ne abin da ya faru da dokar 1994. A shekarar, zamanin Bill Clinton, Amurka ta hana ƙera wa farar hula sabbin gidaje masu cin fiye da harsashi 10. Amma dokar ba ta taɓa waɗanda aka riga aka ƙera ba, ta bari a riƙe su a kuma sayar. Da yake kayan ba sa mutuwa da wuri, tsofaffin suka ci gaba da yawo a kasuwa har wa'adin dokar ya ƙare a Satumba 2004, majalisa ba ta sabunta ta ba. Wato kayan sun fi dokar tsawon rai. Yau jihohi kamar Kalifoniya da New York na da nasu ƙa'idar ta 10, Kanada ma 10 ta yarda wa ƙaramar bindiga, amma a dokar tarayyar Amurka gidan harsashi ba ya buƙatar lambar rajista, ba a kuma binciken mai sayensa kamar yadda ake wa mai sayen bindiga a kanti.

Za a ce mini: to mai kare gidansa fa? In ɓarayi uku suka shigo masa da dare, kai za ka ƙidaya masa harsashi? Tambaya ce mai kyau. Wata masaniyar tattalin arziki, Lucy Allen, ta bi labaran kare kai da ita kanta ƙungiyar masu bindiga ta NRA ke bugawa, ta gabatar wa kotunan Amurka cewa a matsakaici harbi kusan biyu ake yi. Masu adawa da ita sun soki hanyar lissafinta, haƙƙinsu ne. Amma ko a ninka adadin sau biyar, bai kai cikin gida ɗaya ba. Ɗaya a bindiga, ɗaya ko biyu saboda lalacewa, wannan hankali zai ɗauka. Na goma fa, wa ake jira da shi? Ƙasar da masu binciken Small Arms Survey suka ƙiyasta tana da bindiga miliyan 393 a hannun farar hula a 2017, fiye da yawan mutanenta, ita ce kuma mutum 48,830 suka mutu ta bakin bindiga a cikinta a 2021, fiye da rabi su suka harbe kansu. Da yawan makami na kawo kwanciyar hankali, da Amurkawa sun fi kowa barci.

Abin da ya sa na damu da gardamar mutanen da ke bayan teku shi ne, mu nan mun san daɗewar ƙarfe fiye da su. Lokacin da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka buɗe, kayan suka malalo kudu. Bindigogin AK da gidajensu na ƙarfe masu cin 30, da yawansu an ƙera su tun zamanin yaƙin cacar baka, kafin a haifi samarin da ke rataye da su yau. Waɗanda suka saye su da farko sun ce don tsaron ƙasa ne. Su sun tafi, kayan na nan suna aiki a hannun da ba su taɓa zato ba. Iyayenmu sun gane haka, shi ya sa aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI tun 1994, kuma bayan sulhun tawayen arewa, ranar 25 ga Satumba 2000, aka tara bindigogi fiye da 1,000 a Agadas aka banka musu wuta. Ba a ce a ajiye su a sito saboda wata rana ba.

Ban manta da manomin Madarunfa ko Gidan Rumji da aka kore wa shanu, aka sace masa ɗa, jandarma na nesa ba. Ba ni da bakin yi masa wa'azi daga cikin aji. Na kuma san a Yunin 2022 gwamnatin Zamfara da ke maƙwabtaka da mu ta ce wa jama'arta su nemi izinin riƙe bindiga, kuma har yanzu ba a daina kai hari a can ba. Abin da nake cewa kawai, duk ranar da za a yi maganar ba farar hula makami, ko a Amurka ko a nan, kada a tsaya ga ƙidaya bindiga. A ƙidaya gidan harsashi. A buga wa kowane lamba, a rubuta shi a takardar izini tare da bindigar. A ƙayyade girmansa, a ƙayyade yawansa, biyu ko uku. Wanda ya lalace a mayar wa hukuma ta narkar kafin a ba da sabo. Mai son atisaye ya yi da na filin koyon harbi ya bar su can. In mai izini ya rasu, kayan su koma hannun hukuma, kada su shiga rabon gado kamar tabarma da buta.

Addininmu bai hana kare kai ba. Amma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai wucewa da kibiyoyi ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya soki wani, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Ka ga ba a tsaya ga niyyar mai kibiya ba, an dubi lafiyar mutanen da ke kusa da shi. Ni ma ban ce abokan ɗan kawuna mugaye ba ne, galibinsu ba za su taɓa harbin kowa ba. Sai dai mutum kan yi fushi, kan yi ciwon ƙwaƙwalwa, ɓarawo kan fasa masa mota, yaro kan buɗe masa durowa, kuma ƙarshe dai mutuwa zai yi ya bar kayan lafiya lau.

Kafin ɗan kawuna ya koma na ce masa, in gardamar ta sake tashi a wurin aiki, ya ƙara musu tambaya ɗaya daga wani malamin makaranta a Nijar: bayan shekara 30, a hannun wa gidajen nan goma za su kasance? Ya ce zai tambaya. Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya.