Matar Da Ta Ƙi Kakkaɓe Hannunta Daga Malcolm X

Da wuya a samu matashi mai kishin Musulunci da bai san sunan Malcolm X ba, ko bai taɓa ganin hotonsa da tabarau yana nuni da yatsa ba. Amma tambayi ɗan uwa wace ce Ella Collins, sai ka ga ya yi tsuru-tsuru. Alhali kuwa ita ce sababin da Allah (T) Ya yi amfani da shi, ba domin haka ba da wataƙila abin da zai rage na mutumin nan bai wuce lambar fursuna ba.

An haifi Malcolm a Amurka a 1925. Yana ɗan shekara huɗu gidansu ya ƙone a garin Lansing. A 1931 aka tsinci mahaifinsa a kan layin dogo jina-jina, ya cika. Hukuma ta ce hatsari ne, iyalinsa kuwa sun tafi a kan cewa turawa 'yan wariyar launin fata ne suka kashe shi. Talauci da tarin 'ya'ya suka yi wa mahaifiyarsa yawa har hankalinta ya taɓu, aka kulle ta a asibiti sama da shekara 20, aka rarraba yaran gida-gida. A makaranta, da ya ce yana son zama lauya, malaminsa ya ce masa wannan ba na baƙar fata ba ne, ya nemi kafinta. Abin lura, yawancin waɗanda suka yi masa wannan aika-aika ba su ɗauki kansu azzalumai ba. Ma'aikata ne, sun cike takarda, sun tashi aiki, sun manta da shi.

A 1941 ne Ella, yayarsa da suke uba ɗaya, ta ɗauko shi ta kawo shi gidanta a Boston. To, sai ya gyaru? Ina! Kunya ya ba ta. Ya bi 'yan iskan gari, ya faɗa caca da wiwi da hodar ibilis, daga baya har da fasa gidajen mutane. A 1946 aka cafke shi ya je karɓo agogon sata da ya kai gyara, aka yanke masa shekara 8 zuwa 10. Shekarunsa 20. A kurkuku, saboda yawan zagin Allah da addini, fursunoni 'yan uwansa suka laƙaba masa suna Shaiɗan, wal'iyazu billah.

Nan ne daidai inda mutane kan ce sun yi iya yinsu. Ɗan uwan da ke da ƙane mai shaye-shaye a gida ya san wannan gaɓar sarai, ya kuma san daɗin da ke cikin cewa “na sallama shi.” Ella ba ta sallama ba. Tana zuwa ziyara, tana aika masa kuɗi, ta yi ta sintiri wurin hukumomi har a 1948 aka mayar da shi kurkukun Norfolk, inda akwai babban ɗakin karatu. 'Yan uwansa Philbert da Reginald kuma ba su fasa rubuto masa wasiƙu ba. Da Reginald ya ce masa ya bar naman alade da taba, shi a wautarsa ya ɗauka wata dabara ce ta kuɓuta daga ɗauri, shi ya sa ma ya bi. A Norfolk ɗin ne ya zauna yana kwafar ƙamus da hannunsa shafi bayan shafi, yana karatu cikin dare da ɗan hasken da ke shigowa daga waje.

Ya fito a 1952, wato shekara 11 bayan Ella ta ɗauko shi. Wanda ke son ya ga sakamakon nasiharsa kafin Juma'a mai zuwa, ya ƙirga waɗannan shekarun.

Kuma ko a lokacin bai gama warkewa ba. Ƙungiyar Elijah Muhammad da ya shiga ta raba shi da ƙwaya da sata, amma aƙidarta gurɓatacciya ce, tana koyar da cewa duk farar fata shaiɗan ne. Tabon yarinta ya samu wurin fakewa, ya koma ƙiyayya. Ella ta riga shi ganewa, ta bar su tun 1959. Da shi ma ya fita a Maris 1964 ya ƙudurci aikin Hajji, ba shi da guzuri. Ella ta ɗauko kuɗin da take tarawa domin nata Hajjin ta miƙa masa.

A ƙasa mai tsarki ya ci abinci akushi ɗaya da Musulmi farare tas, ya kwana tare da su, suka riƙe shi ɗan uwa, ya dawo yana faɗa a fili cewa ya yi kuskure da ya yi wa jinsi guda kuɗin goro. Babban mutum mai mabiya ya ce “na yi kuskure” a bainar jama'a, wannan ya fi barin wiwi wuya nesa ba kusa ba.

Bai cika shekara da dawowa ba aka harbe Alhaji Malik Shabazz a New York, ranar 21 ga Fabrairu 1965, yana da shekara 39. Allah Ya ji ƙansa. Ella ce ta karɓi ragamar ƙungiyar haɗin kan baƙaƙen Amurka da ya kafa, ta rayu bayansa har zuwa 1996.